Injin Aro

"To, injin fa, Yaya?"

"Injin yana nan kasuwa, Auta. Ƙafa gare shi da zai gudu?"

Yana magana yana goge madubin sabon babur mai ƙafa uku da bakin rigarsa, ko ɗagowa bai yi ya dube ta ba. Babur ɗin na tsaye a ƙofar gidan mahaifinsu yana ta sheƙi, ledar kujerunsa ma ba a cire ba. Ita kuwa Auta daga lambu take, bokiti ɗaya a kowane hannu, laka ta bushe mata tun daga tafin ƙafa har ƙwauri.

"Amma ai kuɗin injin ban ruwa aka bayar. Da bakinka ka gaya wa matar ofis."

"Wa aka ba?"

Ta ajiye bokitan a ƙasa.

"Tambayarki nake yi. Wa aka ba?"

"Kai."

"Madalla. Ni aka ba, ni za a kama idan ba a biya ba, don haka ni zan san yadda za a juya su. Inji me ya iya ban da tofar da ruwa? Wannan kuwa," ya daki rufin babur ɗin da tafin hannu, "kullum ta Allah sai ya shigo da wani abu. Ki ɗan ba ni lokaci, daga ribarsa zan sayo miki injin da ya fi wanda kike mafarki."

"Tumatir ya fara fure, Yaya, rafi kuma janyewa yake yi. Ba zai jira ribarka ba."

"Ke dai gaggawa ta yi miki yawa. Tun kina ƙarama haka kike, abinci na kan wuta kina kuka da kwano a hannu."

Ya yi dariya shi kaɗai, ya hau, ya murza makulli. Hayaƙin ya bugi fuskarta, ta bi babur ɗin da ido har ya sha kwana, tana jin kamar lambunta ne aka sa wa taya aka tafi da shi.

Ita ta fara jin labarin ofishin da ke ba masu lambu rance. Ita ta yi ta sintiri har takalminta ya cinye, kowane zuwa amsa ɗaya: ta kawo takardar fili da sunanta, ko ta kawo mai albashi ya tsaya mata. Mai albashi ba ta da shi. Filin kuwa na marigayi mahaifinsu ne, ba a raba ba, sunan Yaya ne a takardar saboda shi ne babba. Da kanta ta durƙusa ta roƙe shi ya karɓa a madadinta. Ranar da matar ofis ta zo duba lambun, Auta ta share hanyoyi, ta cire ciyawa, sannan ta koma bayan itacen mangwaro ta tsaya tana kallo. Yaya ya shiga tsakiyar dashenta da farar riga, yana ɗage ta kada ta taɓa laka, aka ɗauke shi hoto. Har murna ta yi a ranar.

Ta shiga cikin gida ta tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran alayyafon da ita Autar ta kawo da safe.

"Inna, ki sa baki."

"Na ji ku ai. Muryarki har nan."

"To kin ji abin da ya yi."

Inna ta ci gaba da tsinke ganye. "Wanki ne. Shi ne ubanku yanzu. Ya ce zai saya, ki yi haƙuri mana. Namiji ne, iyali gare shi, nauyi ya yi masa yawa."

"Ni kuma duwatsu nake ciyarwa, Inna? Mijina na kwance, yara biyu, duk lambun nan muke kallo. Alayyafon da ke hannunki ma daga can ya fito."

"Au, gori za ki yi mini?"

"Wallahi ba gori ba ne."

"To ki saurare ni." Inna ta ajiye tiren, ta sassauta murya. "Kada in ji maganar nan a waje. Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa jin kanmu ba. Idan mutanen ofis suka ji, ɗaure shi za su yi. Ke za ki iya kallon idona ranar da aka tafi da shi?"

Auta ta ɗauki bokitanta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Lambun yana kan tudu, rafin yana ƙasa. A farkon rani taku kaɗan ne tsakaninsu, amma kowace safiya sai ta tarar ruwan ya ƙara ja baya, ya bar taɓo mai santsi da ke haɗiye ƙafa. Ta gangara, ta cika, ta hauro, ta zuba. Ƙasar ta shanye kafin ta miƙe, ta yi kamar ba a taɓa jiƙa ta ba. Ta sake gangarawa. Marikin bokiti ya yanka mata tafin hannu, ta naɗa tsumma, tsumman ya jiƙe da ruwa da jini. Daga lambun maƙwabcinta, wanda kowa ke kira Mai Albasa, ƙarar injinsa ke tashi, ruwa na gudu a kwatocinsa kamar an sako yara daga makaranta. Mutumin kirki ne, ya taɓa miƙo mata tiyo na ɗan lokaci, sai dai shi ma mai yake saya, kuma kuɗin hayar da yake karɓa ne ke riƙe da injin.

Da hannuwa biyu suka kasa, dole ta zaɓa. Ta tsaya a gefen latas ta daɗe tana kallonsa, ganyensa lallausa kamar kunnen jariri, ita ta raine shi tun yana ƙwaya. Ta wuce shi da bokitin ba ta zuba ba. Bayan latas kabeji ya biyo, bayan kabeji tattasai. Duk wanda ta yanke wa ruwa sai ta daina bin ta wajensa, ta riƙa zagaye, don ba ta son ganin yadda yake kwantawa. Saura tumatir, shi ne jarin, shi ne abincin shekara. Shi ma furen ya fara kakkaɓewa, kowace safiya sai ta tarar da rawaya-rawaya a ƙasa ƙarƙashin kowane tushe.

A gida, mijinta Magini yana jingine da bango, ƙafarsa a ɗaure tun da ya faɗo daga saman gini. Da ta shigo ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Uwar lambu, sannu da zuwa. Yau ma ke kika ci rafin ko shi ya ci ki?"

"Canjaras muka yi."

"Zo nan."

Ta zauna a gabansa, ya kama hannuwanta ya warware tsumman a hankali. Da ya ga tafin, sai murmushin ya ɓace. Ya ɗauko man shafawa ya riƙa murza mata da babban yatsa, a tausashe, kamar mai gyaran abin da yake tsoron ya fashe.

"Hannun nan na aura yana da laushi," ya ce. "Dubi abin da na bari aka yi masa."

"Kai ka janye rafin?"

"Kayan aikina suna nan ƙarƙashin gado. A sayar, a biya hayar injin Mai Albasa."

"Ranar da ka miƙe kuma da farce za ka yi gini? Ba za a taɓa su ba."

"Na aika wa wanki, kin san amsar da ya ba ni? Wai suruki ba ya sa baki a maganar gado."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ta rufe ido. Ta ji ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙarfi, ta san fushi yake haɗiya saboda ita, ita ma ta haɗiye kukanta saboda shi.

Yaya kuwa bai taɓa rasa abin faɗa ba. Yau direban da ya ba haya ne maci amana. Gobe taya ce ta fashe. Jibi kasuwa ce ta yi sanyi, kowa tafiyar ƙasa yake yi. Wata rana da ta tare shi a zaure yana shan shayi, sai ya juyo da laifin kanta.

"Ke ma kin faɗaɗa lambun da yawa. Wa ya aike ki? Mace ɗaya, ki ce sai kin noma duniya."

"Saboda injin na faɗaɗa. Kai ka ce in ƙara dashe don hoton ya yi kyau."

"Na ce, na ce. Komai ni na ce. Ke ba ki da hankalin kanki?"

Wani dillalin kayan miya ma ya shinshino labarin. Ya zo lambun da hularsa a keya, ya zagaya, ya ɗaga ganye da sanda.

"Ƙanwata, ni ba na tambayar takarda, ba na ɗaukar hoto. Yanzu in biya miki hayar inji. Sharaɗi ɗaya: idan tumatir ya nuna, kwando biyu a kuɗin ɗaya, kuma ba ki da mai saye sai ni."

"Wato in noma maka."

"A'a, taimako ne. Ki yi tunani, amma kada ki daɗe, ganyen nan ya fara naɗewa."

Ta ce masa za ta yi shawara. Washegari ta yi wanka, ta sa mayafinta mai kyau, ta koma ofishin. Ta zauna a benci cikin layin masu lambu, kowa da ƙasa a farcensa, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Da layi ya zo kanta, saurayin da ke kan tebur ya saurare ta da kunne ɗaya.

"Ɗan kaɗan nake so, na hayar inji kawai. Da na cire tumatir zan biya."

"Wane fili?"

Ta kwatanta masa. Ya danna na'urarsa, ya girgiza kai. "Wannan filin an riga an ci rance a kansa. Ba ma ɗora wani sai an biya na farko. Ai an sayi inji ma a nan. Ke wace ce a wurin?"

Maganar ta taho har bakinta. Ta ji ɗacinta a harshe. Sai fuskar Inna ta tsaya mata a ido.

"Ƙanwarsa ce," ta ce.

"To ki roƙi wanki ya ba ki ruwa mana. Na gaba!"

Ta fito rana na dukanta, ta yi tafiya mai nisa kafin ta lura kuka take yi a titi, mutane na kallonta.

Ba a daɗe ba Yaya ya zo lambun da kansa, karo na farko tun ranar hoton. Har da ledar lemo a hannu.

"Autar Inna! Sannu da aiki. Kai, kin rame."

Ta ajiye bokiti, gabanta ya faɗi. Yaya ba ya kiranta Autar Inna sai da dalili.

"Gobe da hantsi matar ofis za ta dawo, wai tana son ganin injin yana aiki. Ƙa'idarsu ce. Na yi magana da Mai Albasa, zai ara mana nasa. Ke dai abin da nake so, ki yi shiru. Idan ta tambaya, injinmu ne."

"In yi ƙarya."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru na ce. Kuma ji nan," ya matso, ya rage murya, "idan komai ya tafi daidai, zan biya mai, injin ya wuni a nan har la'asar. Ki shayar da tumatir ɗinki ya ƙoshi. Ba abin da kike nema ke nan ba?"

Ta dubi tumatir ɗin. Wuni guda na ruwa zai iya tsayar da furen da ya rage. Ya san haka, shi ya sa ya faɗa. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin amsa, ya aje mata lemon ya tafi yana fito.

Da safe Inna ta aiko a gaya mata ta tuna da nonon da ita da Yaya suka sha. Da za ta fita, Magini ya riƙe gefen mayafinta ya ce, "Duk abin da kika yi, ina bayanki, ko da ƙafa ɗaya ne."

Mai Albasa ya turo injin a baro, ya dasa shi a bakin rafi, ya ja tiyo har kan tudu, yana ta kauce wa idonta. Yaya ya sa tsumma ya goge jikin injin tas, ya kankare laka, ya ce wa mai shi ya koma lambunsa kada a gan shi. Aka ja igiya, injin ya yi tari, ya kama.

Ruwan ya taho.

Auta ta manta da kowa. Ta ɗauki fartanya ta shiga buɗe kwatoci, tana tare nan tana sakin can, ruwan na bin ƙafafunta da sanyinsa. Ƙasar da ta tsattsage ta riƙa sha tana ƙara, ƙamshinta ya tashi ya cika mata ƙirji. Abin da take yi tun asuba har faɗuwar rana da bokiti, injin ya yi shi kafin ta share gumi. Ta ji hawaye na zubo mata, ta bar su. Ashe abin da ke tsakaninta da rayuwa bai fi wannan ɗan ƙarfen mai tari ba.

A haka matar ofis ta iso, da jaka a kafaɗa da gajiya a fuska. Yaya ya tarbe ta da fara'a, farar rigarsa na ɗaukar ido.

"Ranki ya daɗe, ga shi nan, kin gani da idonki. Aiki yake ba dare ba rana."

Matar ta dubi injin, ta dubi ruwan, sannan ta dubi inda latas da kabeji suka bushe. "Can fa? Me ya same su?"

"Tsutsa ce. Ta yi mana ɓarna bana, amma mun shawo kanta."

"Wannan baiwar Allah fa?"

"Ƙanwata ce. Tana ɗan taya ni, kin san mata da son motsa jiki."

Auta ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da jan ƙasa. Saura layi kaɗan ruwan ya kai ƙarshen lambun, inda tumatir ya fi galabaita. Ta ce wa zuciyarta ta yi haƙuri, la'asar ba nisa.

"To, alhamdu lillahi," in ji matar. "Tunda injin yana nan, zan rubuta a sakar maka kashi na biyu, na taki da maganin ƙwari. Sai dai in tuna maka, biyan farko ya wuce lokaci. Ka san filin nan ne jingina. Idan abu ya taru, ba ni da ikon hana a karɓe shi."

"Haba, ba za a kai can ba. Kashi na biyun yaushe zai fito?"

Fartanyar ta tsaya a hannun Auta. Ta ɗago ta dubi wanta. Bai ko ji maganar karɓe fili ba, idonsa na kan jakar matar, yana murmushin da ya yi ranar da ya kawo babur. Nan take ta ga abin da ke tafe, sarai kamar a tafin hannunta. Kuɗin taki za su bi hanyar da kuɗin inji suka bi. Ita za ta ci gaba da hawa da sauka da bokiti, tana ƙawata masa lambun da zai riƙa nunawa, har ranar da baƙi za su zo su kafa alama a ƙasar da ubanta ya bari. A ranar Inna za ta ce ƙaddara ce, Yaya zai ce ofis ne azzalumai, kuma babu wanda zai tuna an taɓa cewa ta yi shiru. Shirun da ake roƙonta ba na wuni ɗaya ba ne, na har abada ne, kuma da ruwan wuni ɗaya ake son saye.

Ta dubi layukan ƙarshe da ruwan bai kai ba. Zuciyarta ta yi mata zafi kamar ta tsage. Ta ajiye fartanyar, ta gangara bakin rafi, ta kashe injin.

Shiru ya sauka a lambun. Ruwan da ke cikin tiyo ya yi ta raguwa har ya koma ɗigo.

"Ke! Lafiyarki?" Yaya ya daka mata tsawa. "Wa ya ce ki taɓa?"

Ta hauro a hankali, ta tsaya gaban matar ofis.

"Ranki ya daɗe, injin nan na aro ne. Ga mai shi can bayan shinge, ki kira shi ki tambaya. Ba tsutsa ce ta kashe latas ba, ƙishirwa ce, ni na hana shi ruwa da hannuna don in ceci tumatir."

"Kada ki saurare ta, rana ce ta taɓa mata kai. Auta, ki tuna da Inna!"

"Na tuna da ita, Yaya. Tun safe nake tunawa da ita. Idan aka karɓe filin nan, a ina za ta samu abin da za ta sa a tukunya? A babur ɗinka?"

Matar ofis ta dubi Yaya, ta dubi hannuwan Auta da ke naɗe da tsumma. "Kin san abin da maganar nan za ta jawo? Zan tsayar da kashi na biyu, kuma dole in kai rahoto. Ke kuma ba zan yi miki alkawarin komai ba, tunda ba sunanki a takarda."

"Na sani."

"Idan kika bi matar nan," Yaya ya nuna Auta da yatsa, "kada ki ƙara taka gidanmu. Ba ni ba ke."

Auta ta share fuskarta da bayan hannu. Tsoron da ta kwana da shi ta neme shi ta rasa.

"Gidan ubana ne, zan taka. Amma yanzu ofis zan bi ta, in faɗi komai da bakina a gaban kowa. Daga can kuma sai wurin alƙali, a raba filin nan a yanka mini rabona da sunana. Ko tumatir ɗin bana ya mutu gaba ɗaya, ba za a ƙara cin bashi da gumina ba."